Garinmu Ya Zo na Ɗari da Casa'in da Takwas

"...da gajiyar hanya kuma, Nonna. Daga ƙofar gidanki zuwa nan, minti arba'in cif. Sannu da gudu."

"Yauwa, sannu da zaman banza. Ka bar tsohuwa da tura baro, kai ka zo nan kana ɗaga waya sama kana neman sabis."

"Ke fa kika ce kar in taɓa miki kaya."

"Taɓawa na hana. Turawa kuma sai an roƙe ka?"

Ranar Alhamis ce, ƙarfe uku da 'yan mintoci, a shagona da ke bakin dandalin garinmu, Roccamura. Sunana Nunziata. Kofi nake sayarwa, da jarida, da gishiri, da tikitin bas ɗin da ke zuwa Milano har ya wuce gaba. Sikelin garin ma a wurina yake. Duk kwalin abincin da uwa za ta aika wa ɗanta a arewa, sai ya hau sikelina kafin ya shiga mota, kuma kilo ashirin da biyar ne iyaka. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina kallon 'ya'yan mutane suna tafiya, kwalaye suna bin su a baya. Na gaji, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Mai baron ita ce Zia Melina, wato Gwaggo Melina, shekararta tamanin da uku. Mai wayar kuma, mai kiranta Nonna, wato kaka, jikanta ne, Egidio, ma'aikacin jinya a Valdoro, can gindin duwatsun arewa. Tun yana rarrafe suke wannan faɗan, ba wanda ya taɓa wahalar da kansa da rabon su. Sai dai zuwansa na wannan karon ba na wasa ba ne. A watan Fabrairu Zia Melina ta zame a matakalar gidanta, motar asibiti ta yi awa ɗaya da minti goma kafin ta iso. Shi ya sa uwarsa ta turo shi da magana ɗaya: kar ya dawo sai da tsohuwar. Tikiti biyu ya saya a hannuna, kujera ta sha ɗaya da ta sha biyu, bas ɗin ƙarfe huɗu.

Ya leƙa baron, ya ga kwali ɗaya ƙato ɗaure da igiya, ya ɗago ya dube ta.

"Nonna, ina akwatin?"

"Wane akwati?"

"Na kayan sawarki. Wanda na sauko miki da shi jiya har na kusa karya baya."

"Au, wannan? Mage ta kwanta a ciki. Ban iya tashinta ba."

"Ba ki da mage."

"Ta maƙwabta ce."

"Ba ki da maƙwabta! Layinku ƙofa ashirin da biyu ne, uku ake buɗewa."

"Shi ya sa baiwar Allah ta rasa wurin zuwa. Ka cika rashin tausayi, Egì. Haka kake yi wa marasa lafiyarku?"

Ya zauna a kan kujerar bakin kanta ya dafe goshi. "Nunzià, don Allah ki ba ni kofi. Mai ƙarfi."

"Ki zuba masa sukari cokali uku," in ji ta. "Dubi wuya kamar na kwalba. Wai daga garin da ya zo na ɗaya ya fito, amma bel ne ke riƙe masa da wando."

Wannan magana ta na ɗaya daga mujalla ta samo asali. Duk shekara, in an gama aikin tumatir, wata mujallar Milano takan jera garuruwa ɗari biyu, daga wanda ya fi daɗin zama har zuwa wanda ya fi wuya. Kwafi shida ake kawo mini. Mutanenmu su zo su buɗe ta daga baya, don sun san inda za su same mu, su ja tsaki, su ajiye ba su saya ba. Bana Valdoro ce ta ɗaya, mu kuma na ɗari da casa'in da takwas. Egidio ya sayi kwafi ɗaya ranar da ya iso, ya buɗe shi a kan teburin kakarsa ya bar shi nan kwana uku, wai ko takarda za ta yi abin da baki ya kasa.

"Kin dai duba mujallar?" ya tambaye ta.

"Na yi amfani da ita sosai."

"To kin gani da idonki. Hanyar keke kilomita sittin. Ɗakin karatu huɗu. Asibiti minti bakwai daga ƙofar gidanmu."

"Keke! Ni da na haifi biyar, sai yanzu zan hau keke in nuna wa Jamusawa ƙwaurina?"

"Ba Jamusawa ba ne, Nonna, 'yan ƙasarki ne."

"Wanda ke cin abincin dare ƙarfe shida ba ɗan ƙasata ba ne."

"Ba shara a titi. Bas yana zuwa a kan lokaci. Ko kare ba ya haushi bayan ƙarfe tara."

"Irin wannan wurin muna da shi a nan, bayan coci. Shiru, tsaf-tsaf, ga furanni. Kakanka yana can shekara goma sha ɗaya, bai taɓa kawo ƙara ba." Ta juyo gare ni. "Nunzià, bara na nawa muka zo?"

"Ɗari da casa'in da tara," na ce.

"Ka ji ko? Mu gaba muke yi. Ku fa? Daga na ɗaya sai ina? Sai gangara."

"Kun hau ne don ƙasa ta zaftare da rabin garin da ke gabanku!"

"Mu dai ba mu zaftare ba."

"A haka, nan da shekara ɗari da casa'in da bakwai za ku kamo mu."

"Ni ina nan ina jira. Kai ne ban da tabbas a kanka, da wannan ramar."

Ya kurɓi kofin ya ajiye. Na ga fuskarsa ta canja, gajiyar kwana uku ta fito masa a ido. "Nonna, bar wasa. Awa nawa kika yi kwance a ƙasan matakalar nan?"

"Ɗaya da rabi. Hutawa nake yi."

"Da ƙugu a goce?"

"Ƙarfe bakwai Nunziata ta ɗaga kai ta ga tagata a rufe. Bakwai da minti biyar tana tsaye a kaina da mabuɗi, ko takalmi ba ta sa daidai ba. A wane shafi mujallarka ta rubuta wannan? Kai wa ke duba tagarka?"

"Ina da maƙwabta."

"Ya sunansu?"

"Yana rubuce a jikin ƙararrawar ƙofarsu."

"Madalla. In ka faɗi sai ƙararrawar ta zo ta ɗaga ka."

Gaskiya ta faɗa. A garin nan duk tsohon da ke zaune shi kaɗai yakan buɗe murfin tagarsa kafin ƙarfe bakwai, ni kuma in fito da tsintsiya in ɗaga kai in ƙirga. Ba wanda ya ɗora mini aikin, haka na tarar uwata tana yi. Da taga goma sha ɗaya nake ƙirgawa, yanzu saura huɗu. Amma da ta ambaci sunana sai na sunkuyar da kai na shiga goge kanta da ba ta da datti, domin akwai abin da na ɓoye. Ɗanmu da ke Torino ya daɗe yana matsa mana, kuma ni da mijina mun riga mun amsa masa: bayan bikin Ista za mu rufe shago mu bi shi. Ban gaya wa kowa ba. Kunya ce ta hana ni, musamman kunyar wannan tsohuwar.

"A kawo kwalin nan a auna," na ce, don a bar zancen. "Lokaci yana tafiya."

Egidio ya rungumo shi yana nishi, ya dire a kan sikeli. Allurar ta wuce talatin da ɗaya.

"Zia, ya yi yawa," na ce. "Kin san Cosimo direba. Ko rabin kilo ya ƙaru ba zai sa shi a but ɗin mota ba."

"Sikelinki ne ya tsufa."

"Duk abin da ke garin nan ya tsufa," in ji Egidio. "Miƙo min wuƙa, Nunzià, a rage."

"Kar ka yanka min igiya! Kwance ta za ka yi. Da ita na aika wa uwarka kwalin farko."

Ya zauna a ƙasa ya kwance ƙulli bakwai, tana tsaye a kansa tana gyara masa. Da ya buɗe sai ya ciro kwalbar farko ta markaɗaɗɗen tumatir, an naɗe ta da takarda kamar yadda muke yi don kar ta fashe a hanya. Ya tsaya yana kallon takardar. Ya ciro ta biyu. Ya ciro ta uku.

"Nonna! Mujallata ce wannan!"

"Ai na gaya maka na yi amfani da ita."

"Kwana uku ina jira ki karanta, ashe yagawa kike yi!"

"Takarda ce mai kauri, ga santsi. Ban taɓa samun irinta ba. Nunzià, sauran biyar ɗin da ba a saya ba ki ajiye min." Ta nuna wata doguwar kwalba da sandarta. "Ga garinku can. Man zaitun na naɗe da shi, tunda shi ne na ɗaya. Yau dai Valdoro ta ga abinci."

"Akwai abinci a Valdoro."

"To me ya sa duk wata uwarka ke bugo min waya tana tambayar ko kwali ya taso? Gari na ɗaya, amma na ɗari da casa'in da takwas ke ciyar da shi. Su rubuta wannan ma."

Dariya ta so ƙwace masa, ya danne ta. Ya ci gaba da fito da kaya yana jerawa a ƙasan shagona: cuku biyu, busasshen tattasai a zare, taliyar hannu, kwalaben tumatir goma sha biyu.

"Ko da na so tafiya ma," in ji ta, tana zama a kan buhun gishiri, "ba ni da dama. Ni nake riƙe da garin nan a cikin mujallar."

"Ikon Allah. Yanzu kuma ke ce magajin gari?"

"Kai da ka yi jami'a ba ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa ba? Fadan cocinmu ya karanta min. Garin da bai kai mutum dubu ba, ba sa sa shi a jerin ko kaɗan. Mu dubu da uku ne a takarda."

"A takarda. Har da ni, da na bar garin shekara tara."

"Shi ya sa na hana ka cire sunanka daga rajista. Iyakar amfanin da kake yi wa garin ke nan, ka riƙe shi da kyau." Ta ɗaga yatsu tana lanƙwasawa. "Dubu da uku. Tsoho Biagio, likita ya ce ba zai ga Kirsimeti ba. Saura dubu da biyu. Nunziata da mijinta za su tafi Torino, kuma ɗansu ya ce kafin ƙarshen shekara za a mai da sunayensu can saboda maganin mijin. Saura dubu cif. Ni ce ta dubun."

Tsumman da ke hannuna ya faɗi. "Zia... wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya min? Rumfar ƙofarki ta yage tun Yuni ba ki ɗinke ba. Ke da ba kya barin ƙusa a karkace. Kuma surukarki ba ta iya riƙe magana ba." Ko kallona ba ta yi ba. "Ki daina wannan fuskar. Kin ƙirga taga shekara talatin, ya isa. Ke ma ki je a ƙirga taki."

Raina ya yi nauyi, na ji kamar ni ce na tura ta a matakalar.

Egidio ya bar abin da yake yi. "To kin ji da bakinki, Nonna. In Nunziata ta tafi, wa zai duba tagar?"

"Kai dai gama aikinka. Har yanzu kwalin nan bai sauko ashirin da biyar ba."

Ya sa hannu can ƙasa, ya taɓo wani abu mai nauyi da aka naɗe da tawul. Ya warware. Injin markaɗen tumatir ne, na ƙarfe, mai mariƙin katako, wanda ta gada daga uwarta. Duk garin an san injin nan, kuma an san ba a aron sa. Ƙanwar fada ma ta taɓa zuwa aro ta koma hannu rabbana. Ni kaɗai na san cewa bana ba ita ta juya shi ba. Ta gwada sau biyu hannunta ya ƙi, ta kira ni ta bayan gida, ta ce in na faɗa wa wani ba ni ba ita. A ƙarƙashin injin akwai wani abu mai faɗi cikin rigar matashi. Hoton mijinta ne, Prospero, wanda ke rataye a ɗakin girkinta tun ranar da aka binne shi.

Egidio ya daɗe riƙe da hoton. Da ya yi magana, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Injin me yake yi a nan, Nonna?"

"Ya gaji da garin. Ya karanta mujalla."

"Hoton Nonno fa?"

"Shi zai fara yin gaba ya dubo min wurin. In bai yi masa ba, zan sani. Ka rataye shi inda zai riƙa ganin taga, ba ya son kallon bango." Ta gyara zaman ɗankwalinta. "Ranar ƙarshe ta Disamba suke ƙidaya. Ka bari su ƙirga ni, su buga sunan garin nan sau ɗaya na ƙarshe. Bayan nan ka zo. Ni kilo hamsin ce, kwali biyu ke nan. Nunziata ta auna ni kafin ta rufe."

"Hamsin? Bakinki kaɗai ya kai ashirin."

"Shi a hannu za ka riƙe shi, kar ya fashe."

Nan dariyar ta ci ƙarfinsa. Ya yi ta har ya sa bayan hannu yana goge ido, ban kuma tambaye shi ko duk ta dariya ce ba.

"Hunturu fa? Matakalar fa?"

"Mijina zai sauko mata da gado ƙasa gobe," na ce. "Mabuɗinta yana wurina har Ista. Sunana ne zai tafi Torino, ni ina nan."

"Kuma waya a wuya, dare da rana," in ji Egidio.

"Kamar akuya da ƙararrawa."

"Akuya ta fi ki jin magana. Me zan ce wa Mamma?"

"Ka ce mata na fara isowa."

Muka ji hon ɗin bas daga kwanar ƙasa. Egidio ya dubi kayan da ke zube a ƙasa, ya dubi tikiti biyu da ke aljihun rigarsa, sai ya fara mai da komai cikin kwalin, injin a ƙasa, kwalabe a sama. Hoton ne kawai ya riƙe a hammata. Ya ɗaure igiyar, ta kwance ƙullin ƙarshe ta sake ɗaurewa da kanta.

Cosimo ya sauko yana miƙa, ya ɗaga kwalin ya dire. "Wannan ya fi ashirin da biyar, Nunzià."

"Ba kaya ba ne," in ji Egidio, ya miƙa masa tikiti. "Fasinja ne. Kujera ta sha biyu."

Cosimo ya dubi tikitin, ya dubi Zia Melina, ya ɗaga kafaɗa. Shekara ashirin yana wannan hanyar, ba abin da bai ɗauka ba. "A ɗaura masa bel," kawai ya ce.

A bakin ƙofar bas Egidio ya juyo. "Na duba takardun nan duka, Nonna. Shafi ɗaya ban gani ba."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Can ta sa hannu a aljihun rigarta ta ciro takarda a ninke huɗu, ba ko lanƙwasa a gefenta. Shafin ƙarshe ne na jerin.

"Wannan ba na naɗe kwalba ba ne. Karanta min, tabarauna yana gida."

Ya buɗe, ya bi da yatsa har kusa da ƙasa. "Ɗari da casa'in da takwas. Roccamura."

"Sun rubuta daidai?"

"Daidai suka rubuta."

"To ba ni kayana." Ta karɓe ta ninke ta mayar aljihu. Daga ɗaya aljihun ta ciro ƙullin busasshen ɓaure ta cusa masa a hannu. "Ungo. Ka ci a hanya, kar ka isa garin na ɗaya iska ta ɗauke ka a kan keke. Kuma kar ka taɓa na fasinjan."

"Kin ci wannan, tsohuwa," ya ce yana dariya, ya sumbaci goshinta. "Biyu ga Janairu. Ki kori magen."

"In ta yarda."

Bas ɗin ya juya ya gangara. Ta tsaya har ƙararsa ta ɓace, sannan ta kama baronta ta nufi hawa. Na ce ta bari in tura mata, ta ce in kula da shagona tun ina da shi.

Washegari na fito da tsintsiya bakwai saura kwata, na ɗaga kai. Tagarta a buɗe take.